Suna a Baki, Suna a Takarda: Sharhi a kan Littafin Roots da Kundin Ƙidayar Jama'a

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Masu binciken asalin zuriya a wannan zamani sun riƙi wannan karin magana da hannu biyu, har ya zamana duk wanda ya ce kakansa wane ne, kuma daga gari kaza ya taso, abin da za a fara tambayarsa shi ne: ina takarda? A ƙasashen da suka daɗe suna ƙidayar jama'a gida-gida, takardar da aka fi nema ita ce kundin ƙidaya, watau ainihin takardun da malaman ƙidaya suka cike da sunayen mutane da shekarunsu da sana'o'insu.

Babu wani littafi da ya kwaɗaita wa jama'a neman irin waɗannan takardu kamar Roots, watau Saiwoyi, na Alex Haley, marubucin nan Baƙar Fatar Amurka wanda ya rayu daga 1921 zuwa 1992. An buga littafin a 1976, aka mai da shi wasan talabijin a watan Janairu na 1977, kuma a wannan shekarar aka ba marubucin lambar yabo ta musamman ta Pulitzer. Manufar wannan sharhi ita ce a duba irin hujjojin da aka gina littafin a kansu, a auna ƙarfin kowace, sa'an nan a nuna rawar da buɗe kundin ƙidaya ya taka wajen gina littafin da kuma wajen tone rauninsa. Daga ƙarshe za a waiwayi abin da wannan ya ƙunsa ga masu nazarin tarihin zuriya a ƙasar Hausa.

2. Tsarin Littafin da Jigonsa

Littafin ya bi sawun zuriya guda har tsatso bakwai. Ya fara da haihuwar Kunta Kinte a 1750 a ƙauyen Jufure na ƙasar Gambiya, cikin gidan Musulmin Mandinka. Aka kama shi a 1767, aka ɗora a jirgin ruwa mai suna Lord Ligonier zuwa Anafolis, aka sayar da shi ga iyalin Waller a jihar Birjiniya, inda aka raɗa masa suna Toby. Daga shi sai 'yarsa Kizzy, sai ɗanta George mai wasan zakaru, sai Tom maƙeri, sai Cynthia, kakar marubucin ta wajen uwa, wadda a bakinta da na 'yan'uwanta ya ji labarin tun yana yaro a garin Henning na jihar Tenesi.

Duk wanda ya karanta littafin a tsanake zai ga babban jigonsa shi ne suna. Da bikin raɗin suna aka buɗe shi. Babban yaƙin Kunta Kinte a ƙasar bauta shi ne ƙin amsa sunan da iyayengijinsa suka ba shi. Gadon da ya bar wa 'yarsa bai wuce sunansa ba da 'yan kalmomin Mandinka, irin su sunan kogin Gambiya da sunan abin kiɗan da ake kira kora. A babobin ƙarshe kuwa, inda marubucin ya shigo da kansa yana ba da labarin bincikensa, abin da yake farauta sunaye ne. Wannan haɗin kan jigo daga farko har ƙarshe shi ne ƙarfin littafin ta fuskar adabi, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka musa shi.

Amma Haley bai gabatar da littafinsa a matsayin ƙagaggen labari zalla ba. Ya yarda cewa maganganun mutanen ciki da al'amuransu na yau da kullum ƙirƙira ce, sai dai ya tsaya a kan cewa salsalar kanta bincike ya tabbatar da ita. Da'awar nan ita ta jawo wa littafin martabar da ya samu, saboda haka wajibi ne a auna shi da ita.

3. Hujja ta Farko: Kundin Ƙidayar 1870

A tsakiyar shekarun 1960 Haley ya shiga Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a birnin Washinton, ya nemi a ba shi faifan hotunan kundin ƙidayar gundumar Alamance ta jihar Karolina ta Arewa, na bayan yaƙin basasa. A ciki ya ci karo da sunan Tom Murray, maƙeri, da matarsa Irene, da 'ya'yansu, har da wata yarinya Elizabeth wadda shi ya sani tana tsohuwa. Ita Cynthia ba a ma haife ta ba a lokacin.

Abin da ya ba wannan hujja ƙarfi shi ne shaidu biyu ne suka haɗu ba tare da sun taɓa ganawa ba. Malamin ƙidayar da ya rubuta sunayen a 1870 bai san wani jika zai zo nema ba, ba shi kuma da wata riba a cikin lamarin. Su kuma tsofaffin matan da ke hira a Henning ba su taɓa ganin kundin ba. Idan baki da takarda suka yi daidai a irin wannan hali, zuciya takan natsu. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida, domin ruwayar da ta zo ta hanyoyi biyu mabambanta ta fi wadda ta zo ta hanya ɗaya, muddin dai hanyoyin ba daga mutum guda suka tsiro ba.

Ya kamata a lura cewa wannan haɗuwa ba za ta yiwu ba da ƙofar ma'adanar a rufe take. A 1942 ne aka miƙa wa ma'adanar kundayen ƙidayar 1790 zuwa 1870 aka kuma buɗe su ga masu bincike, lokacin da na 1870 ya cika shekara 72. A 1952 Hukumar Ƙidaya da ma'adanar suka yi yarjejeniya a kan wannan wa'adi, a 1978 kuma majalisa ta mai da shi doka. Bisa ga wannan ƙa'ida aka buɗe kundin 1940 a 2012, na 1950 a ranar 1 ga Afrilu 2022, kuma na 1960 sai 2032. Haley bai je da takardar wani babba ba, bai kuma roƙi alfarma ba. Haƙƙinsa ya nema aka ba shi, kamar yadda za a ba kowa.

4. Katangar 1870

Sai dai kundin da ya buɗe masa ƙofa shi ne kuma ya nuna masa katanga. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko bayan soke bauta a 1865, don haka ita ce ta farko da ta rubuta yawancin Baƙaƙen Amurka da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860 takarda daban aka ware wa bayi. A kanta ana rubuta sunan ubangida, a ƙarƙashinsa a jera bayinsa da shekaru da jinsi da launin fata, galibi ba tare da suna ba. A 1860 bayin da aka ƙirga ta wannan hanya sun kusa miliyan 4. Kafin 1850 kuwa ko 'ya'ya ba a rubuta sunan kowa sai na maigida, sauran jama'ar gida adadi ne kawai.

Ke nan takardar hukuma ta yi wa bayi daidai abin da littafin ke kuka da shi, watau ta shafe sunansu. Wanda ke son ƙetare wannan katanga dole ya koma ga takardun iyayengiji: wasiyya, da rabon gado, da takardun ciniki da na jingina, inda ake jera bayi tare da dawaki da kujeru, da suna ɗaya tak. Idan an sami Toby a irin wannan takarda, da me za a tabbatar shi ne Tobyn da ake nema? A nan ne Haley ya fara zamewa.

A 1981 Gary B. Mills, masanin tarihi, da Elizabeth Shown Mills, masaniyar salsala, suka bi takardun Birjiniya da Karolina ta Arewa ɗaya bayan ɗaya. Suka gano cewa bawan nan Toby na gidan Waller yana cikin takardu tun 1762, shekara biyar kafin jirgin Lord Ligonier ya iso Anafolis. Takardun kuma sun nuna alamar ya rasu shekaru kafin lokacin da littafin ya ce an haifi Kizzy. Mutum ba ya zama bawa a Birjiniya alhali yana yaro a Jufure. A taƙaice, daga 1870 zuwa gaba salsalar na tsaye da ƙafafunta, amma daga nan zuwa baya isnadin ya yanke.

5. Hujja ta Biyu: Bakin Jali

A 1967 Haley ya isa Jufure, aka kai shi wurin wani dattijo mai suna Kebba Kanji Fofana, wanda aka gabatar masa a matsayin jali, watau irin maroƙan nan na Mandinka masu riƙe tarihin zuriya da ka. Dattijon ya jero tarihin gidan Kinte, har ya kawo kan wani Kunta da ya fita saran itace bai komo ba. Wannan shi ne ƙololuwar littafin, kuma shi ne wurin da ya fi sa masu karatu hawaye, domin labarin da aka ji a Tenesi ya dawo ta bakin wani a Afirka.

Bisa ga zahiri, haɗuwar shaidu biyu ce irin ta kundin 1870. Amma tun a 1977 ɗan jaridar Ingila Mark Ottaway ya je Gambiya ya dawo da shakku, a 1981 kuma masanin tarihi Donald R. Wright ya yi wa lamarin nazari na ilimi. Abin da suka nuna shi ne Fofana bai sami horon jali irin na gado ba, kuma labarin da Haley ke nema ya riga shi isa ƙauyen, domin tun a zuwansa na farko ya bayyana wa mutane a babban birnin ƙasar dalla-dalla abin da yake fatan ji. Shaidar da aka gaya wa amsa kafin a yi mata tambaya ba shaida ta biyu ba ce, amsa-kuwwar ta farko ce.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san maroƙan ƙasar Hausa. Maroƙi yakan riƙe asalin gidajen sarauta da na attajirai, kuma sau da yawa riƙonsa daidai ne. Amma sana'arsa faranta ran wanda ke gabansa ce. In baƙo ya zo daga nesa da kyauta a hannu, ya kuma nuna inda yake son asalinsa ya faɗa, da wuya a sallame shi hannu rabbana. Laifin ba na al'adar baka ba ne, na mai tambaya ne da bai iya tambaya ba.

Har ila yau an soki yadda littafin ya zana Jufure a matsayin ƙauyen da Turawa ba su saba da shi ba, alhali yana dab da tashar cinikin Albreda da tsibirin James, inda Turawa suka daɗe suna ciniki, har da na bayi. Daɗin daɗawa, marubuci Harold Courlander ya kai ƙara cewa an ɗebi wasu sassa daga littafinsa The African na 1967, aka sasanta a 1978 bayan Haley ya amince cewa wasu abubuwa daga littafin sun shiga nasa.

6. Hukunci a kan Salon Littafin

Babban aibin Roots a nan yake: murya ɗaya ya yi amfani da ita daga farko har ƙarshe. Abin da takarda ta tabbatar, da abin da kaka ta faɗa, da abin da aka yi zato, da abin da aka ƙaga, duk an saƙa su da zare iri ɗaya, ta yadda mai karatu ba zai ga mahaɗi ba. Ga mai ƙaga labari wannan gwaninta ce. Ga wanda ya ce tarihin gidansu yake bayarwa kuwa, ɓoye mahaɗi rashin cika amana ne. Da marubucin ya tsaya a bakin katangar 1870 ya ce iyakar abin da takarda ta sani ke nan, ga kuma dalilin da ya sa ta yi shiru, da ya ba da labarin da ya fi wannan ɗaci, ya kuma fi shi gaskiya.

Duk da haka, bai kamata a zubar da littafin gaba ɗaya ba. Giɓin da Haley ya cike da ƙage ba shi ya haƙa shi ba, tsarin bauta ne da takardunsa. Abin da ya faɗa game da kamu da jirgi da kasuwar bayi ya sami miliyoyin mutane, ko da bai sami wani mai suna Kunta Kinte ba. Littafin ya kuma tura dubban jama'a ma'adanai neman kakanninsu. Ko a Gambiya ya bar tabo, domin a 2011 aka sauya wa tsibirin James suna zuwa tsibirin Kunta Kinte.

Wani abin lura kuma shi ne, ƙofar da Haley ya shiga ita ce masu sukarsa suka shiga. Da takardun a kulle suke, da babu littafin, da kuma an yi shi babu mai iya gwada shi. Amfanin buɗe takardu ga kowa ke nan: mai nema ya samu, mai da'awa kuma a bincike shi.

7. Tsakanin Sirri da Buɗewa

Me ya sa ba a buɗe kundin ƙidaya nan take? Dalili shi ne jama'a ba za su faɗa wa malamin ƙidaya gaskiya ba idan suna tsoron maganarsu za ta dawo ta cuce su. Tsoron nan kuwa yana da tushe, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da bayanan ƙidayar Amurka wajen tsare mutanen ƙasar 'yan asalin Japan. Wa'adin rufewa sulhu ne tsakanin haƙƙin rayayye na a rufa masa asiri da haƙƙin jika na ya san kakansa. Amurka ta tsaya a kan shekara 72, Ingila a kan 100, shi ya sa sai a watan Janairu na 2022 ta buɗe kundin 1921.

Sai dai jira ba ya da amfani idan takardar ba ta kai lokacin ba. Gobarar 1921 a Washinton ta lalata mafi yawan kundin Amurka na 1890. Kundin Ingila da Wales na 1931 ya ƙone ƙurmus a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi. Adanawa ita ce gaba da buɗewa.

8. Darasi ga Masu Nazari a Ƙasar Hausa

Mai neman asalinsa a arewacin Nijeriya ba shi da kundi irin na 1870 da zai nema a ba shi. Ƙidayar 1921 da ta 1931 a Arewa sun dogara ne ƙwarai a kan lissafin haraji, kuma rahoton ta 1921 yana cikin littafin C. K. Meek na 1925 a kan ƙabilun Arewa. Abin da aka buga daga ƙidayar 1952 zuwa 1953, da ta 1963, da ta 1991, da ta 2006, adadi ne na larduna da gundumomi da jihohi. Ta 1962 da ta 1973 soke su aka yi, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Gardamar ƙidaya a ƙasar kullum a kan yawa take, saboda rabon kujeru da kuɗi, ba a cika tuna cewa a bayan kowane adadi akwai suna ba.

Abin da ya fi kusa da kundin ƙidaya shi ne takardun En'e da na Razdan: jerin masu biyan haraji da jangali, rahotannin kimanta haraji na gundumomi, littattafan shari'ar alƙalai, da rajistar 'yantattun bayi. Da yawansu suna reshen Kaduna na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya assasa a 1954, wasu kuma a Gidan Arewa da hukumomin tarihi na Kano da Sakkwato. Dokar ma'adanar ta 1992 ta tanadi buɗe takardun gwamnati da suka kai shekara 25. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi amfani da takardun 'yanta bayi a littafinsu na 1993, Allan Christelow kuma a 1994 ya fito da zaɓaɓɓun shari'o'i daga majalisar Sarkin Kano Abbas, inda talakawa da mata da bayi suka bayyana da sunayensu.

Su ma waɗannan takardu suna da tasu katangar. Jerin haraji magidanta yake nema, mata da yara galibi adadi ne. Bahaushe ba ya da sunan dangi mai bin zuriya irin na Turawa, don haka Audu goma na iya fitowa a ƙauye ɗaya, kuma mutum guda ya fito yau a Tanko gobe a Muhammadu. Alkunya takan hana mace faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari. Tarkon da ya kama Haley a kan Toby yana nan yana jiran duk wanda ya ga suna ya yi murna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Dokar Turawa ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Takarda na iya nuna cewa kakan wani gida fansar kansa ya yi a gaban alƙali, kuma har gobe irin wannan magana tana iya ɓata neman aure. Haƙƙin mutum ne ya san asalinsa, amma ba haƙƙin ɗalibi ba ne ya yi wa maƙwabci tonon silili a cikin kundin digiri.

9. Kammalawa

An ga cewa Roots ya tsaya daram a inda baki da takarda suka shaidi juna ba tare da haɗin baki ba, ya kuma rushe a inda marubucin ya shuka amsa sa'an nan ya girbe ta. Ɗaliban da ake turawa ƙauyuka tattara tarihin garuruwa da na gidaje ya kamata a koya musu abu uku daga wannan: kada su faɗa wa dattijo abin da suke son ji, su rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, su kuma nuna a fili inda sani ya ƙare zato ya fara.

Ga hukuma kuwa, buƙata ita ce a ɗauki hoton takardun haraji da na alƙalai kafin gara da zafi su gama da su, a kuma yi doka bayyananniya da za ta wajabta adana takardun ƙidaya masu sunaye, ta yanke wa'adin rufe su, ta sa ranar buɗe su ga kowa. Tsofaffin da suka riƙe salsala da ka suna ƙarewa. Idan takarda ta bi su, jikokin gobe ba su da gani, ba su da ji, sai abin da mai ƙaga labari ya ga dama ya gaya musu.